Labule Mai Amsa Biyu

4 ga Fabrairu

Ƙirgau,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar hagu da ta mai da kanta mai duba: kafin hadari ya haɗu ta riga ta sanar da ni. Kunnen dama kuwa ya yi ritaya ba tare da ya nemi izinina ba. Shi ya sa na ɗauko biro. A waya kina magana ina ta cewa “na'am, na'am”, alhali ko rabin abin da kike faɗa ba na ji.

Shekaranjiya mahaifiyarki ta zo shago. Ta zauna kan kujerar masu jiran ɗinki, ta ce, “Kawu, yarinyar nan muryarta ta canza.” Na ce ƙila sanyin can ne. Ta ce ita ta haife ki, ta san muryar sanyi, ta san ta damuwa. Ni dai ƙanen kakarki ne kawai, ikona a kanki bai kai nata ba. Amma a ƙarƙashin teburin yankana kika koyi ƙirga, da zobban labule, kina jera su goma-goma kina hana ni aiki, har sunan nan ya bi ki. Saboda haka ina da ɗan haƙƙi.

Shekara uku ke nan kina can kina neman digirin nan na uku. Duk wanda ya tambaye ni me jikata take karantawa, sai in ce lissafi, in yi maza in canza zance. Mai gyaran agogo na kusa da shagona ya ce ƙila har yau ba ki gama ƙirga zobban ba ne. Ki taimake ni in rufe masa baki. Ki rubuto mini abin da kike yi, da maganar da tela zai gane. Sannan ki faɗa mini abin da ya shaƙe miki murya. Ba zan kai gaba ba.

Kakanki,
tsohon tela


26 ga Fabrairu

Kaka,

Na samu wasiƙarka, na karanta sau uku. A na farko na yi dariya, sauran biyun ba zan faɗi abin da na yi ba. Ina lafiya. Allah ya ba gwiwa sauƙi. Kunnen kuwa, tun ina ƙarama abin da ka ga dama kake ji, kada ka ɗora wa tsufa laifi.

Ga aikina. Ka ɗauki fallen ƙarfe siriri kamar takarda, wanda aka manna a kan abu mai taushi, ka matse shi ta gefe biyu. Ba ya karyewa. Sai ya yi ninki-ninki, tudu da kwari, kuma tazarar da ke tsakaninsu daidai wa daida, kamar an auna. Ba wanda ya auna. Dalili shi ne ragwaye biyu ne suka haɗu. Ƙarfen ba ya son lanƙwasa mai tsanani, ya fi son ninki manya, 'yan kaɗan. Abin da ke ƙarƙashinsa kuma ba ya son a ja shi da nisa, ya fi son ƙanana masu yawa. Sai su yi ta ja-in-ja har su tsaya inda wahalar su biyun ta fi ƙanƙanta. Yawancin lissafin da ake yi wa ƙarfe miƙewarsa kawai yake dubawa. Namu har lanƙwasarsa yake sa wa ido, shi ya sa ya fi taurin kai.

Abin da na ɗauki alkawarin tabbatarwa shi ne: a ba ni kowane tsawo, tsari ɗaya ne tak ya fi kowanne sauƙin wahala. Kuma “na gani da idona” ba ya wadatarwa, hujja ake so wadda ba mai iya rushewa. Farfesana ne ya ba ni batun, shi ma haka ya yi imani. Rabin farko na gama: na nuna cewa dole ninkin su zo daidai da juna. Rabi na biyu ne ya tsaya mini a wuya. Akwai wani tsawo da in na ba kwamfuta, yau ta ce ninki sha ɗaya, gobe ta ce sha biyu, kuma wahalar iri ɗaya har lamba ta ƙarshe. Farfesa ya ce akwai kuskure a umarnin da na rubuta mata, in nemo shi. Wata takwas ina nema. Sau huɗu na share komai na sake daga farko.

Kwamitin malaman da ke duba aikina zai zauna ƙarshen Yuli. In ban kai musu hujja ba, za su ce in tsaya nan. Ni kuma ba zan jira a faɗa mini ba. In Mayu ta wuce ban samu ba, zan haɗa kayana in dawo. Ga zanen amsoshin biyu na sa maka. Ka nuna wa mai agogo, ka ce masa ya ci gari: har yanzu ƙirga nake, kuma na kasa.

Don Allah kada Mama ta ji.

Jikarka


19 ga Maris
(takardar da ke cikin ƙunshi)

Ƙirgau,

Muna lafiya. Ga labule, na yi shi bisa zanenki. Kada ki wanke, kada ki goge. Igiyar da ke ciki kada ki yar. Sauran bayani yana cikin wasiƙar da za ta biyo baya, don mutumin gidan waya yana ta kallon agogo yana kallona.

Kakanki


11 ga Afrilu

Kaka,

Ina gaisuwa, ina fatan jiki da sauƙi. Ƙunshi ya iso. Na jira wasiƙar mako biyu ba ta zo ba, kuma ina jin ba sai ta zo ba. Na gane.

Shuɗi ne, irin launin bangon ɗakina na gida. Na ce maka wataƙila in dawo, kai kuma sai ka tashi ka ɗinka wa ɗakin labule, ka aiko mini har nan in ga an shirya tarbata. Ka yi mini faɗa mana, Kaka. Ka ce ke, zauna ki gama abin da ya kai ki. Duk duniya kai kaɗai na faɗa wa, don na ɗauka kai ne ba za ka yarda da sauri ba. Ashe ko mako uku ba a yi ba ka sallama.

Kuma na aiko maka shekara uku na rayuwata a takarda ɗaya, ka duba, ka ga labule. Ban ce ka gane lissafin ba. Amma da ka yi shiru da ya fi mini sauƙi.

In Mama ce ta zaɓi launin, to ka kai gaba ke nan.

Na mayar da shi cikin takardarsa, yana kan kabad. Ba sai ka ba da amsa ba, aiki ya yi mini yawa.

Jikarka


3 ga Mayu

Ƙirgau,

Ina gaishe ki, ko da kina fushi. Gwiwa tana nan da halinta.

Da na karanta wasiƙarki, na daɗe ban taɓa keken ɗinki ba. Daga nan na jawo aljihun keken in ɗauki allura, sai ga wasiƙar da na ce za ta biyo baya, kwance a ƙarƙashin gwangwanin zare, da kan sarki a manne, tana jiran wanda zai kai ta. Laifina ne, ni kaɗai. Launin kuwa, rantsuwa ba halina ba ce, amma ban tuna bangon ɗakinki shuɗi ne ba. Shi ne kawai yadi mai tauri da ya rage mini a kanta. Mahaifiyarki ba ta san komai ba. Yanzu ki ajiye fushin a gefe, ba zai gudu ba, ki ji labari.

Ina ɗan shekara sha bakwai, ina koyon aiki, maigidana ya samu aikin wani babban ɗakin taro mai taga shida, duk faɗi ɗaya. Irin labulen nan ne da ba shi da zobe, ba shi da ɗinkakkiyar tattara: a zura sanda ta cikin kalmasar sama, a tattaro yadin, a kama gindinsa a girgiza, a sake. Yadin da kansa yake jera ninkinsa, daidai wa daida, ba wanda ya auna. Na rataya guda shida. Maigidana ya shigo, hannu a baya, yana ƙirgawa. Biyar sha ɗaya, ta shida sha biyu. Ya kama kunnena, wannan na daman da ya yi ritaya, ya ce, “Kai, da ido kake yanka ko da ƙafa?”

Na sauke, na auna. Daidai yake da 'yan'uwansa, ko zare bai fi su ba. Na mayar, na girgiza, ya zauna sha ɗaya. Na sauko daga tsani ina murna, sai na ga iska ta kaɗa na taga ta biyu, ya koma sha biyu. Yini guda ina hawa ina sauka. In na lallashi wannan, wancan ya ɓalle. Da rana ta yi sanyi maigidana ya gaji da zagi, ya ce in sauko. Ya hau da kansa, ya girgiza, ya ƙirga, ya sake girgizawa, ya fi sau goma. Ya sauko ya zauna a kan akwatin kayan aiki, ya ce, “Ba kai ba ne. Faɗin nan a kan iyaka yake. Sha ɗaya ta yi masa, sha biyu ta yi masa, ba wadda ta fi masa daɗi.” Ya sa muka matsar da maƙalin kowane sanda da faɗin yatsa biyu, duka shida suka zauna sha biyu suka yi shiru. Haƙuri kam bai ba ni ba. Amma ya riƙe mini tsani, abin da bai taɓa yi ba.

Tun daga ranar na ci karo da irin faɗin nan ya fi a ƙirga. Duk tsohon mai labule ya san shi, ba mai maganarsa. Mukan matsar da yatsa biyu mu wuce, mai gida bai ma san an yi ba.

To da na buɗe zanenki, lissafin da ke gefe ban gane ko ɗigo ba. Amma zanen na gane shi. Labule ne, in ka hau tsani ka leƙo shi ta sama. Sai na ce a raina, yarinyar nan wata takwas tana jan kunnen kwamfuta, kamar yadda aka ja nawa, alhali baiwar Allah gaskiya take faɗa. Ƙila ƙarfenki ba haka yake ba, ke kika sani. Amma na ce bari in aika miki ki gani da hannunki.

Kwana tara na yi, na ɓata yanka uku, kafin in samu wanda ya zauna a kan iyakar. Shekara hamsin ina gudun faɗin nan, ranar da na neme shi da gangan sai ya yi mini rowa. Ki samu sanda mai santsi. Ki auna tsawon igiyar nan a jikinsa, inci arba'in da shida ne, ki sa alama biyu. Ki zura labulen, ki tattaro shi tsakanin alamun, ki kama gindinsa ki girgiza, ki sake, ki ƙirga. Ni da mai agogo mun yi sau arba'in, shi yana rubutawa. Sha ɗaya ta zo sau goma sha tara, sha biyu sau ashirin da ɗaya. Ya ce labulen ya yi gadon halina, ba ya tsayawa kan magana ɗaya.

Faɗan da kika nema kuma ga shi: ke, zauna ki gama abin da ya kai ki.

Kakanki


16 ga Yuni

Ƙirgau,

Ina fatan kina lafiya. Ni ma da sauƙi.

Mako shida ke nan ban ji daga gare ki ba, ga Mayu ta wuce. Duk tasin da ta tsaya a bakin layinmu sai in ɗaga kai daga keke in duba ko akwati za a sauke. Jiya har na ɗinka kalmasa a karkace, ni, a shekaruna.

Mahaifiyarki ta sake zuwa. Ta ce, “Kawu, kai da kuke rubuce-rubuce, me ta ce maka?” Na juya mata kunnen dama na ce, “Na'am?” Ta maimaita sau uku, ta yi tsaki ta tafi. Ban san har yaushe dabarar nan za ta ci ba.

In kin riga kin yanke shawara, ki dawo, ba wanda zai ce miki uffan. Mai agogo na riga na ja masa kunne. Amma kafin ki rufe akwati, ki sauko da labulen nan daga kan kabad, ki girgiza shi sau goma. Goma kawai. In bai ce miki komai ba, ki naɗe takalmanki a ciki.

Kakanki


14 ga Yuli

Kaka,

Ina lafiya, lafiyar da na daɗe ban yi irinta ba. Ka yafe mini wasiƙar Afrilu. In tana nan, ka goge man keke da ita.

Ba shiru na yi maka da gangan ba. Farkon Mayu na mayar da makullin ɗakina na koma wurin wata ƙawata, don na riga na fara haɗa kaya. Wasiƙunka biyu suna can a akwatin tsohon gidan. Sai ranar ashirin da takwas ga Yuni, da na je ɗaukar sauran littattafaina, mai kula da gidan ya miƙo mini su. A lokacin takardar barin karatu tana cikin jakata, na sa hannu, miƙawa kawai ya rage.

A kan matakala na karanta su. Daga nan na kwance kwalin da na cusa labulen a ciki, na tafi da shi ofis. Na cire sandan abin goge ƙasa, na ɗora shi tsakanin kantocin littattafai biyu, na auna igiyarka. Sha biyu. Sha ɗaya. Sha ɗaya. Sha biyu. Ina cikin na bakwai Farfesa ya turo ƙofa.

Ya ce, “Me nake gani haka?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, kama nan ka girgiza.”

Ya dube ni kamar wadda karatu ya taɓa, amma ya kama. Ya ƙirga da yatsa. Ya ce, “Sha biyu. Sai me?” Na ce ya sake. Ya sake. Bai faɗi adadin ba. Ya sake, ya sake, sandan ya zame, ya ɗaga ya riƙe da hannunsa ya ce ni in girgiza. Can ya zauna a bakin tebur ya cire tabarau, ya ce, “Wata nawa na sa ki neman kuskuren da babu shi?”

Na ce, “Sha ɗaya ko sha biyu, ya danganta da yadda aka girgiza.”

Ya yi dariya har da tari, sannan ya ba ni haƙuri. Ka ga ya fi maigidanka. Kuma shi ma ya riƙe mini sanda.

Labule ba hujja ba ne, Kaka, kwamiti ba za su karɓi yadi ba. Amma da na daina neman tabbatar da abin da ba gaskiya ba, sai hanya ta buɗe. In ana ƙara tsawo, wahalar ninki sha ɗaya hawa take yi, ta sha biyu kuma sauka. Mai hawa da mai sauka a tsani ɗaya dole su haɗu a wani mataki, kuma a nan ba wanda ya fi wani. Ɗalibin shekarar farko zai gani, in ba a riga an ce masa babu ba. Yanzu abin da zan kai musu shi ne: tsari ɗaya ne a kowane tsawo, ban da wasu tsawo na musamman inda biyu suke kunnen doki, kuma ga yadda za a lissafo kowannensu. Farfesa ya ce wannan ya fi na farkon kyau. Mako biyu na yi ina rubutu, saura in goge. Kwamiti ranar ashirin da tara.

Yanzu ni ma ga aiki na ba ka. In akwai ragowar shuɗin yadin nan, ka yanka inci sittin, ka tattaro shi a kan sanda mai inci talatin ba ɗan kaɗan. In lissafina daidai ne, iyakar bakwai da takwas tana nan. Ba sai ka yi kwana tara ba.

Ka iya faɗa wa Mama. Ka juya mata kunnen hagu.

Jikarka,
Ƙirgau


9 ga Agusta

Ƙirgau,

Gaisuwa da fatan alheri. Gwiwa ta ce a gaishe ki, ta ce ita ma ranar ashirin da tara ba ta zauna ba.

Da yammar ranar mahaifiyarki ta faɗo shago da waya a hannu, ko sallama babu, tana cewa, “Kawu, sun karɓa! Sun ce ta ci gaba, baɗi ta kammala!” Wannan kam har kunnen dama ya ji. Bayan ta huce sai ta tuna, ta tsaya a kaina ta ce, “Wato duk watannin nan ka sani.” Na ce mata na ɗauki alkawari. Ta ce daga yau in za ta yi mini magana, a takarda za ta rubuto. Har yanzu ba mu gama shiryawa ba, amma jiya ta aiko mini da man shafa gwiwa.

Na yi aikin da kika ba ni. Yanka ɗaya. Na rataya, ya zauna takwas sau shida a jere, mai agogo har ya fara washe baki. Na matsar da alamar da rabin yatsa, sai ga bakwai, ga takwas, ga bakwai. Ya ajiye biro ya ce, “Daga can ta san wannan? Ba ta ko taɓa yadin ba?” Na ce ta taɓa, ta ma ajiye shi tsakanin kabad da kwali fiye da wata biyu. Kin yi kuskuren rabin yatsa. A sana'armu ba a jan kunne a kan wannan.

Na bar shi a rataye a bakin shago. Masu kawo ɗinki suna cewa, Baba, labulen nan naka bai daidaita ba, jiya ba haka yake ba. Hannuna yakan yi ƙaiƙayi in matsar da yatsa biyun nan, sai in zauna a kansa. Abin da aka ja mini kunne a kai, na yi shekara hamsin ina ɓoyewa, shi jikata za ta ci digiri da shi. Da maigidana yana raye da na kai masa takardar digirin, na riƙe masa tsani ya hau ya karanta.

Naki labulen ma kada ki ƙara masa ko zare ɗaya.

Wani abu kuma. Mahaifiyarki ta ce tsohon labulen ɗakinki ya yage, rana tana shiga tana cinye shuɗin bangon, in ɗinka sabo. Ta faɗa sau biyu, ta rubuta a takarda ta ajiye mini a kan keke. Na sa takardar a ƙarƙashin gwangwanin zare. Kin san yadda abubuwa suke daɗewa a wurin nan. Ba zan tuna da ita ba sai baɗi.

Kakanki,
tsohon tela